Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Abin da Katin Sadarwa Zai Koya wa Masu Rajista a Bodar Jibiya

Rubutunmu na wannan mako ya shiga cikin hanjin kwamfuta, don haka muna roƙon waɗanda ba harkarsu ba ce su ɗan yi haƙuri su biyo mu. Maganar za ta fito fili, kuma za ta sauka a Magama, inda tirelolin Maraɗi ke layi. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: idan aka ɗora maka alhakin rubuta lokacin da abu ya faru, sai abin ya wuce ba ka rubuta ba, me ya kamata ka yi? Injiniyoyin da ke rubuta manhajar katin sadarwa sun daɗe da cin karo da wannan tambaya, kuma amsar da suka tsaya a kai, a ganinmu, ta fi wadda muka saba da ita a ofisoshinmu.

Bari mu fara da katin. Kowace kwamfuta da ke haɗe da wayar intanet tana da wani ɗan ƙarfe da wayar ke shiga, shi ake kira katin sadarwa. Saƙo ba ya tafiya dunƙule guda. Ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, katin ya riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya, yana kuma karɓar masu shigowa. Tsakanin katin da sauran kwamfutar akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta: ita ke gaya wa ƙarfen abin da ake so, ita ke kawo rahoton abin da ƙarfen ya yi. Wasu katunan suna da agogo nasu na kansu, kuma suna iya buga wa ƙunshi hatimin lokaci a daidai ƙiftawar da ya taɓa waya. Wannan shi ne hatimin ƙarfe. Akwai kuma hatimin manhaja, wanda kwamfutar ke bugawa tun ƙunshin yana cikin gida, ko bayan ya shigo ya yi layi. Bambancinsu kamar na jami'in da ke tsaye a bakin shinge ne yana duba agogo lokacin da mota ke wucewa, da na magatakardan da ke cikin ofis wanda sai an kawo masa takarda yake duba nasa agogon.

Wa ya damu da wannan ɗan bambanci? Duk mai waya a aljihu. Turakun sadarwa na 4G da 5G masu amfani da mita ɗaya wajen aikawa da karɓa suna yin karɓa-karɓa ne da lokaci: yanzu turke na magana, yanzu wayoyi na magana. Dole agogon turakun da ke maƙwabtaka su daidaita, kuma ƙa'idar da ake bi ba ta yarda kuskure ya wuce maikirosakan 1.5 ba. Maikirosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan maikirosakan 5 a kowace kilomita, wato a cikin wannan ɗan lokaci da aka yarda a yi kuskure, haske bai wuce mita 300 ba. Idan agogon turke ya kauce, zai riƙa magana a lokacin da maƙwabcinsa ke sauraro, sai sabis ya lalace alhali babu wayar da ta tsinke.

Tsohuwar hanyar daidaita agogo ta intanet, wato NTP da David Mills ya tsara a wajajen 1985, ta ishi kwamfutar ofis, amma ba ta kai wannan ƙurewa ba. Shi ya sa aka fito da ƙa'idar PTP, mai lamba IEEE 1588, a shekarar 2002, aka sabunta ta a 2008 da 2019. Lissafinta mai sauƙi ne, kuma duk ɗan tasha zai gane shi.

A ce muna son mu san ko agogon Magama da na Ɗan Isa, can ɓangaren Nijar, sun yi daidai. Sai mu tura mota. Ta tashi daga Magama 10:00 a agogon Magama, ta isa Ɗan Isa 10:25 a agogon can. Ta juyo daga Ɗan Isa 11:00 a agogon can, ta iso Magama 11:15 a agogonmu. Zuwa ya nuna minti 25, dawowa ya nuna minti 15, alhali hanya ɗaya ce. Ka haɗa su ka raba biyu, tafiyar minti 20 ce. Ka cire ɗaya daga ɗaya ka raba biyu, agogon Ɗan Isa yana gaba da minti 5. Shi ke nan PTP: lokuta huɗu, tashi da isa, juyowa da isowa. Abin da ya bambanta kawai, ƙunshi ne ke tafiya maimakon mota, kuma ana maimaitawa ba dare ba rana, wani wurin sau da yawa a sakan guda.

Yanzu a ce jami'in Ɗan Isa ya tafi cin abinci, mota ta iso bai gani ba. Yana da zaɓi biyu. Ko ya rubuta cewa bai ga isowarta ba, sai a jefar da wannan zagaye a jira mota ta gaba, babu asarar komai sai ɗan jinkiri. Ko kuma ya dawo ya tarar da ita a tsaye, ya duba agogo ya rubuta 10:35. Da wannan lamba lissafi zai ce agogonsu yana gaba da minti 10. Za a mayar da shi baya da minti 10, a bar shi da sabon kuskure na minti 5 ta ɗaya ɓangaren, kuma kowa zai tafi gida da yaƙinin an gyara. Gurbin da aka bari fanko ya jawo jira. Gurbin da aka cike da ƙiyasi ya ɓata agogon kansa.

Haka abin yake a katin sadarwa, domin hatimin ƙarfe yana ɓacewa fiye da yadda mutum zai zata. Mu ɗauki katunan Intel da direban igb na Linux ke tuƙawa, irin su i210 da i350, waɗanda suke cike a sabobi da ƙananan na'urori. Katin yana da aljihu ɗaya tak na ajiye hatimin ƙunshi mai fita. Idan ya buga hatimi ya saka a aljihun, aljihun ya kulle, ba zai karɓi wani ba sai direba ya zo ya ɗauke na ciki. To ga hanyoyin da abu ke lalacewa. Ƙunshi na biyu ya nemi hatimi alhali na farko bai fita daga aljihu ba. Ko waya ta zare ƙunshi yana kan layi, bai taɓa fita ba, direba yana can yana jiran hatimin da ba za a taɓa bugawa ba. Ko katin ya buga hatimin amma sanarwar da yake aika wa direba ta salwanta, aljihu ya zauna a kulle. Mafi haɗari duka, hatimi ya iso a makare bayan an yanke ƙauna, a ɗauke shi a liƙa wa ƙunshin da ya biyo baya, kamar a buga wa tirelar Alhaji hatimin shigowar tirelar jiya.

Ga abin da direban yake yi, kuma duk mai so zai iya karantawa tunda manhajar Linux a buɗe take. Idan aljihu na cike, sabon ƙunshin zai fita ba tare da hatimi ba, a ƙara ɗaya a ƙidayar waɗanda aka tsallake. Idan an jira hatimin fita har sakan 15 bai zo ba, direba ya daina jira, ya share aljihun don na baya su samu wuri, ya ƙara ɗaya a ƙidayar waɗanda wa'adinsu ya ƙare, ya kuma rubuta gargaɗi a littafin rahoton kwamfutar. A ɓangaren masu shigowa ma akwai irin wannan shara da tata ƙidayar. Mai kula da na'ura yana buga umarnin ethtool -S ya ga lambobin a gabansa. Ita kuma manhajar ptp4l, wadda ke cikin aikin linuxptp na Richard Cochran, ba ta ma jira sakan guda: idan hatimin fita bai zo cikin 'yan milisakan ba, sai ta ayyana cewa ƙofar ta samu matsala, ta dakata, ta sake farawa.

Daga nan muka tsamo ƙa'idoji huɗu, kuma su ne ra'ayinmu na wannan mako.

Ta farko, jira yana da wa'adi. Ba a jiran gawon shanu. Mun san wannan tsari tun kafin kwamfuta: daren 29 ga wata ana duban jinjiri, idan ba a gani ba ana cika 30, a sanar, kowa ya san matsayinsa. Ba wanda ke tsayar da kalanda har sai ya gani.

Ta biyu, abin da ya ɓace kada ya toshe wa na baya hanya. A share aljihu, layi ya ci gaba.

Ta uku, a ƙirga abin da aka rasa, a kuma ajiye ƙidayar inda za a gani. Hatimi ɗaya da ya ɓace cikin miliyan ba komai ba ne. Dubu a awa guda kuwa alama ce ta waya mai ciwo, ko kati mai shirin mutuwa, ko kuskure a direban kansa. Ba za ka bambance su ba sai da ƙidaya.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, kada a cike gurbi da abin da ba shi ba ne, a kira shi da sunansa.

Mun san za a samu mai cewa, ai da babu gara ba daɗi. Tunda kwamfutar tana da nata agogon, me zai hana a liƙa hatimin manhaja idan na ƙarfe ya ɓace? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a zubar da hatimin manhaja ba. Abin da muka ƙi shi ne a sa masa rigar na ƙarfe. Linux ta warware wannan da kyau: idan ta miƙa wa manhaja lokacin ƙunshi, gurbin hatimin manhaja daban, na ƙarfe daban. Wanda bai samu ba, gurbinsa zai zo fanko. Mai karɓa ya san abin da ke hannunsa, shi zai yanke ko ƙiyasi ya ishe shi. Haka ma babban agogon da ke raba lokaci a PTP: idan ya daina jin tauraron GPS yakan ci gaba da tafiya da saurin da ya sani na ƙarshe, amma yana shelanta wa na ƙasa da shi cewa darajarsa ta sauka daga aji 6 zuwa aji 7. Yana aiki da ƙiyasi, yana kuma faɗin cewa ƙiyasi ne.

Duniya ta ga illar lokacin ƙarya da aka faɗa da ƙarfin gwiwa. Ranar 26 ga Janairu 2016, yayin da ake sallamar wani tsohon tauraron GPS daga aiki, wasu taurarin suka riƙa watsa lokaci mai kuskuren maikirosakan 13. Na'urorin kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suka yi ta ƙarar gargaɗi, har rediyon dijital na BBC ya samu tangarɗa. Da taurarin shiru suka yi, da na'urorin sun koma kan agogonsu na ciki sun jira. Abin da ya rikita su shi ne an ba su lamba, kuma lambar ta zo da hatimin hukuma. Haka kuma bayan ɗaukewar wutar 14 ga Agusta 2003 da ta jefa kimanin mutum miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada, masu bincike sun sha wahala wajen jera abin da ya fara faruwa da wanda ya biyo, saboda agogon na'urori da yawa bai daidaita ba. Rajista ta cika maƙil, amma ba ta iya amsa tambayar da aka ajiye ta dominta.

Akwai wani ƙorafin da muka yarda da shi. Sakan 15 ya yi tsawo ga manhajar da ke jiran milisakan, kuma a tsawon wannan jira duk ƙunshin da ya nemi hatimi tsallake shi za a yi. Gyaran da masu ƙera katin suka kawo shi ne ƙara aljihu: i225 yana da huɗu, manyan katunan sabobi suna da fiye da haka nesa. Wato idan layi ya yi tsawo, a ƙara teburi da ma'aikata. Ba wanda ya ce mafita ita ce direba ya fara ƙirƙirar lambobi.

Yanzu mu dawo gida. Bodar Jibiya ta sha rufewa da buɗewa a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019. A Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ita kuwa Jibiya sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. A tsakani, a Satumba 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Jibiya na ciki, aka shafe watanni a haka. Kowane ɗaya daga waɗannan gurbi ne a rajista. Duk ɗan yankin ya san rufe shinge bai hana buhu da dabba ketarawa ta hanyoyin daji ba. Wanda zai zo nan gaba ya buɗe littafi ya ga babu shigar kaya a waɗannan watanni, idan ya karanta shi a matsayin sifili, ya yi kuskuren da direban kati ba ya yi. "Babu ciniki" daban, "ba a rubuta ba" daban. Idan aka gina manufar haraji ko ta abinci a kan na farko alhali na biyu ne gaskiya, talakan Jibiya da na Maraɗi ne za su biya.

A ƙaramin mataki ma haka ne. Duk wanda ya taɓa riƙe rajista, a sito ne ko shagon POS ko tashar mota ko ɗakin magani, ya san jarabar cike gurbi. Sabis ya ɗauke tun safe, an yi ta aiki a takarda, da yamma ya dawo, sai a zauna a shigar da komai. Manhajar ta buga wa duka lokacin yamma, ko kuma mai shigarwa ya riƙa ƙiyasta lokutan safe yana rubutawa kamar ya duba agogo. Ranar da rigima ta tashi, wane ne ya fara zuwa layi, kuɗin nan kafin a rufe asusu ya shigo ko bayan an rufe, kayan nan kafin sabon farashin fito suka ketara ko bayansa, sai a buɗe littafi a ga lambobi tsaf, kuma ba ɗaya da za a iya rantsuwa a kansa. Direban tirela ya yi asarar kwana, ɗan kasuwa ya biya abin da bai kamata ba, ma'aikaci mai gaskiya ya rasa abin kare kansa.

Ga abin da muke kira a yi, musamman ga matasan wannan zaure da ke rubuta manhajoji, da masu ba da kwangilar rubuta su. Kowace shigarwa ta zo da gurabe uku: lokacin da abin ya faru, lokacin da aka shigar da shi, da kuma inda aka samo lokacin, na'ura ce ta buga ko mutum ne ya ƙiyasta. A bar gurbin farko ya iya zama fanko. Manhajar da ba ta barin ma'aikaci ya wuce sai ya cike kowane gurbi, ita da kanta take koya masa ƙarya. A sa wa jiran amsar saba wa'adi, idan ya cika a ajiye aikin a gefe da alama a kansa, a kira na gaba. A kuma fitar da ƙidayar abin da aka rasa kowane mako. Hukumar Kwastam ta fara ƙaura zuwa tsarinta na B'Odogwu, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa ta Jibiya, kuma siginar jirgin ƙasa aiki ne da ba ya yafe kuskuren lokaci. Yanzu ne ya dace a tambayi masu gina waɗannan tsare-tsare: idan hatimi ya ɓace, me manhajarku take rubutawa?

Sai dai akwai sharaɗin da idan babu shi duk wannan magana ce kawai. Direban kati yana faɗin gaskiya ne domin ba wanda zai rage masa albashi idan ƙidayarsa ta hau. Ma'aikaci kuwa mutum ne mai iyali. Idan duk ranar da ya rubuta "ban samu lokacin ba" takardar tuhuma ce za ta biyo baya, to gobe rajistarsa za ta zo cike ba gurbi ko ɗaya, shugabansa ya yi murna, gaskiya kuwa ta tafi. Shugaban da ya san aiki, rajistar da ba ta da gurbi ko ɗaya a garin da sabis ke ɗaukewa kullum ita ya kamata ta tayar masa da hankali. Ƙidayar abin da aka rasa ma'aunin lafiyar hanya ce: tana nuna inda ake buƙatar janareta, ko layi na biyu, ko ƙarin ma'aikaci. A hukunta mai ƙirƙirar lamba, a saurari mai kawo gurbi.

Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A harkar agogo ramin ya fi ko'ina ƙurewa, domin lamba ɗaya ta ƙarya tana shiga lissafi, lissafi ya juya agogo, agogo kuma ya buga wa duk abin da ya biyo baya hatimi.

Masu aiki da sabobi a cikinmu, ku buga ethtool -S a kan katunanku ku faɗa mana abin da ƙidayar ta nuna. Masu POS da masu fiton kaya a Magama, ku ba mu labarin yadda kuke shigar da aikin ranar da babu sabis, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Jibiya da kewayenta, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.